Gidan niƙa ya koma gidan kwana: ƙwace ne ko ceto?

Rubutun yau da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Makon jiya wani abokina ɗan Damagaram, wanda ya daɗe da zama a Faransa, ya ɗauke ni a mota muka fita daga Paris. Kimanin kilomita 50 kudu maso yamma akwai wani ƙaramin gari, Saint-Arnoult-en-Yvelines. Yawancin Faransawa ba su san garin da komai ba sai ƙatuwar tashar karɓar kuɗin hanya da ke kusa da shi, inda motoci ke jerin gwano duk lokacin hutu. Mu ba ita ta kai mu ba. Wani tsohon gidan niƙa muka je gani, irin mai aiki da ruwa, sunansa Moulin de Villeneuve, wanda aka mayar gidan kwana. Mun tafi muna raha, mun dawo muna gardama, kuma har yanzu ba mu gama ba. Shi ya sa na ce bari in kawo muku maganar.

Gidan yana bakin wani rafi da ake kira Rémarde. A wurinmu ba za a ma kira shi kogi ba, sai dai shi ruwansa na gudu rani da damina. Shekara 700 ko fiye ke nan da fara niƙa a wurin, ko da yake ginin an sha sake shi. A 1951 marubucin nan Louis Aragon ya saye shi domin matarsa Elsa Triolet. Ita haifaffiyar Mosko ce, a 1896, kuma ita ce mace ta farko da ta ci kyautar adabi ta Goncourt. Baƙuwa ce a ƙasar, sai mijin ya ce bari ya mallaka mata ɗan yankin ƙasar Faransa wanda zai zama nata. Abin da mutane da yawa ba su sani ba, kafin ta zama marubuciya zanen gine-gine ta karanta a Mosko, kuma ita ta tsara yadda cikin gidan zai kasance.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babban falon. Kana shiga za ka ji wani gurnani daga cikin bango. Akwai wata taga mai da'ira da aka sa wa gilashi, in ka leƙa sai ka ga ɗakin da tayar niƙan take juyawa a da, ruwa na zubowa a cikinsa har yau. Wato rafin ta cikin gidan yake bi. Ana ba da labarin cewa Aragon kan buɗe ƙyauren ruwan idan yana son ya burge baƙi, ko kuma idan baƙo ya cika shi da surutu, ƙarar ruwan ta danne hirar. Wallahi na yi sha'awar wannan dabarar, na san mutum biyu uku da zan buɗe wa.

Muna tsaye a wurin abokina ya taɓa ni ya ce, "Malam, ka ga irinta ko? Wurin da talakawa ke kawo hatsinsu, ɗan gurguzu ya saye ya mayar da shi falo." Don Aragon babban ɗan jam'iyyar kwaminis ta Faransa ne har ya mutu. A ganin abokina wannan ƙwace ne mai ladabi: masu kuɗin birni su zo ƙauye, su saye abin da ya ciyar da gari ɗaruruwan shekaru, su sa ƙofa su kulle, su dasa furanni.

Maganar tana da daɗin ji, ni ma da farko na gyaɗa kai. Amma da na yi tunani sai na ga ban yarda ba, kuma ga dalilina.

Sai mun fara fahimtar mene ne shi gidan niƙan. Mu da muka tashi da dutsen niƙa a tsakar gida, daga baya injin dizal na bakin kasuwa, muna iya ɗauka cewa ɗaki ne aka sa inji a ciki. A'a, shi ginin kansa shi ne injin, kuma yana farawa ne tun daga nesa da gidan. Can sama da rafin ake yin 'yar madatsa don ruwa ya taru ya ɗaga. Daga nan a haƙa magudana a janyo wani sashe na ruwan, a tafi da shi a kwance, shi kuwa rafin asali yana ta gangarawa ƙasa. Kafin a iso gidan, ruwan magudanar ya fi na rafin tudu da mita biyu, uku ko fiye. Wannan tazarar ita ce dukiyar. A nan ake sako ruwan a kan wata ƙatuwar taya ta katako ko ta ƙarfe, ya juya ta, ya fita ta ƙasa ya koma rafinsa. Ba a ƙone komai ba, ba a rage ko ɗigo ba.

Tayar iri-iri ce. Akwai wadda ruwa ke tura ta ta ƙasa, akwai wadda yake zubo mata daga sama ya cika aljihunan da ke jikinta, nauyinsa ya rinjaye ta. Wani injiniya ɗan Ingila, John Smeaton, ya gwada su a 1759 ya gano cewa mai karɓar ruwa daga sama ta ninka ɗayar wajen cin moriyar ƙarfin ruwan. Gungumen da ya ratsa tsakiyar tayar shi ke shiga cikin gidan ya juya wasu tayoyin masu haƙora, su kuma su juya dutsen. Haƙoran sau da yawa na itace ne da gangan, don idan wani abu ya cije, gara haƙori ɗaya ya karye a sake shi da a ce dukkan injin ya tarwatse.

Shi ya sa za ka ga irin waɗannan gidajen dogaye ne, hawa uku galibi. A sama ake ajiye hatsi, kuma ruwan ne dai ke jan igiyar da ke hawa da buhunan. Hatsin ya gangaro ta mazurari zuwa hawa na tsakiya inda duwatsun suke, na ƙasa a kafe, na sama yana juyawa, kowanne ya fi mita ɗaya faɗi, nauyinsa ya kai tan ko ya wuce. Gari kuma ya zubo hawan ƙasa a tara a buhu. Duwatsun da suka fi suna daga La Ferté-sous-Jouarre ake sassaƙo su, gabas da Paris, har Ingila da Amurka ake kai su. Kuma kamar yadda iyayenmu mata ke koɗa dutse idan ya yi santsi, su ma dole a ɗaga na saman lokaci-lokaci a koɗa shi da guduma, aikin da ke cin yini ko fiye. Bangon kuwa kauri gare shi, saboda girgiza da laima. Duk wani abin da mai saye a yau yake kira kyau, katakon rufi masu kauri, dogon bene, ƙarar ruwa, ba don ado aka yi shi ba. Aiki ne ya haife shi.

To yanzu mu dawo kan "wurin talakawa". Nan ne abokina ya yi tuntuɓe. A Faransa kafin juyin juya halin 1789, gidan niƙa a wurare da yawa na mai ƙasa ne, basarake ko gidan 'yan coci. Kuma doka ce, duk wanda ke zaune a ƙasarsa dole a can zai yi niƙa, ya bar wani kaso na hatsinsa, sau da yawa mudu ɗaya cikin 16. Ba ka da ikon kai hatsinka wani wuri don ya fi araha. A wasu wuraren ko dutsen niƙa na hannu an hana mutane ajiyewa a gida. Sai bayan juyin juya halin aka soke wannan tilas ɗin. Ku yi tunani, a ce hakimi ya hana kowace mace a gari taɓa dutsenta, ya ce sai injinsa.

Kuma ba Faransa kaɗai ba. A Ingila, garin St Albans da ke arewa da Landan, an daɗe ana rigima tsakanin mutanen gari da shugaban gidan 'yan cocin wurin a kan wannan magana. A wajen 1331 ya ƙwace duwatsun niƙansu na hannu, ya sa aka daɓe ƙasan wani ɗaki da su, don kowa ya taka ya tuna wa ke da iko. Shekara 50 bayan haka, lokacin boren manoma na 1381, mutanen suka kutsa ɗakin suka fasa daɓen, suka rarraba gutsattsarin a tsakaninsu. Shekara hamsin suna riƙe da abin a zuci! Saboda haka wanda ya ce mini gidan niƙa mallakar talaka ne da mai kuɗi ya ƙwace, sai in ce masa talaka ya fi shekara ɗari nawa yana zuwa wurin da buhu a ka, yana komawa da ƙasa da abin da ya kawo.

Na biyu, ba Aragon ya kashe niƙan ba. Gawa ya tarar. Waɗannan gidaje sun yi yawan da ba a zato. Ƙidayar dukiyar Ingila ta 1086 ta lissafa fiye da 5,600. A Faransa binciken da aka yi a 1809 ya samu fiye da 80,000 masu aiki da ruwa, ban da na iska. Abin da ya karya su ya zo ne daga wajen 1870 zuwa 1880, lokacin da aka fara niƙa da naɗaɗɗun ƙarafa maimakon dutse, fasahar da ta bunƙasa a Budafes. Ga injin tururi wanda bai damu da ko rafi ya ja baya ba, ga jirgin ƙasa yana kawo alkama daga nesa, ga mutanen birni sun fi son farar fulawa. Manyan masana'antu suka tashi a bakin manyan koguna, ƙananan gidajen ƙauye suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Abin dariya, su ma manyan da suka cinye su zamani ya cinye su. Babbar masana'antar fulawa ta Paris yanzu ginin jami'a ce, ta Pantin kuma ofisoshin banki.

To gini irin wannan in ya daina aiki, me ke jiransa? Kowa a cikinmu ya san ɗakin da ba a kwana a ciki. Damina biyu uku ba yaɓe, ba mai lura da inda ya fara yoyo, sai ka zo ka tarar da kango. Gidan niƙa ya fi haka saurin lalacewa, don ƙafarsa a cikin ruwa take. Magudana ta cike da laka, saiwar itace ta tsaga madatsa, ambaliya ɗaya ta ci gindin bango. Gwamnati ba za ta iya mayar da gidaje dubu tamanin gidan tarihi ba, ko dubu ɗaya ma da wuya, kuma wa zai je kallonsu duka? Zaɓin da ke gaban mafi yawansu biyu ne: wani ya shiga ya zauna, ko su rushe. Wanda ke cewa a bar su "yadda suke" bai taɓa biyan kuɗin gyaran rufi ba.

Wani abin mamaki, shekara ɗaya bayan ɗan gurguzu ya sayi nasa, a 1952, tsohon sarkin Ingila Edward na 8, wanda ya sauka daga gadon sarauta a 1936 saboda matar da yake so, shi ma ya sayi wani tsohon gidan niƙa a Gif-sur-Yvette, ba nisa da na Aragon. Ɗan kwaminis da tsohon sarki, kowa da matarsa, kowa da rafinsa. Dukkan gidajen biyu suna tsaye yau.

Amma fa ban ce duk wanda ya sayi gidan niƙa ya yi daidai ba. A nan ne nake da sharaɗi, kuma a nan ne maganar ta shafi abin da ake ta cacar baki a kai a Faransa shekarun nan.

Wanda ya sayi gidan niƙa ba gida kaɗai ya saya ba, ya sayi wani yanki na rafi da nauyin kula da shi. A dokar Faransa, gidan da aka tabbatar yana nan tun kafin 1789 yana da haƙƙin amfani da ruwan ba tare da wa'adi ba, har tsofaffin taswirorin ƙarni na 18 ake ɗaukowa a matsayin shaida. Haƙƙin ba ya faɗuwa don an daina niƙa, yana faɗuwa ne idan an bar madatsar da magudanar suka rushe. To amma haƙƙi da nauyi tare suke tafiya. Mai niƙa na da, a gidan yake kwana, kunnensa na kan ruwa. Ruwan sama ya sauka da tsakar dare, zai fito ya ɗaga ƙyaure don kada gonakin da ke sama da shi su nutse. Yana yashe magudana, yana sakin ruwa laka ta wuce. Mai gidan yanzu kuwa, in irin wanda ke zuwa sau biyu a wata ne da abokai a gasa nama, ƙyauren zai yi shekara goma a rufe ya yi tsatsa. Ruwan ya kwanta, ya yi ɗumi, laka ta taru, kifayen da ke hawa rafi don yin ƙwai, irin su salmon, su iso su tarar da bango.

Wannan ne ya ba masu kare muhalli hujja. Bayan ƙa'idar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 da dokar ruwa ta Faransa ta 2006, aka shiga matsa wa masu madatsu a wasu koguna: ko ka yi wa kifi hanyar wucewa, ko a rushe. Hanyar kifi tsada gare ta, rushewa kuwa hukumomin ruwa sun fi ba da tallafi a kanta, don haka madatsu da dama suka tafi. Ƙungiyoyin masu gidajen niƙa suka yi ca, suna cewa ana shafe tarihi, ana zubar da ruwan da ake bukata lokacin fari, ana kashe wuraren da za su iya ba da 'yar wutar lantarki. A 2021 majalisa ta sa wani sashe a dokar yanayi wanda ya hana a ɗauki rushe madatsar gidan niƙa a matsayin hanyar cika wannan sharaɗi. Gardamar dai ba ta mutu ba.

Ni a nawa ganin kowane ɓangare na da rabin gaskiya, kuma abin da zai raba su shi ne halin mai gidan. Wanda ke zaune a ciki, yana ɗaga ƙyaure, yana yashe magudana, ya yarda ya kashe kuɗi kifi ya wuce, a bar masa madatsarsa, ya gaji mai niƙa da gaske ko da bai taɓa niƙa ƙwaya ɗaya ba. Wanda kuwa ya cike magudana ya yi wurin ninƙaya, ya ciro duwatsun ya mayar da su teburin shan shayi a lambu, ya kafa tayar roba don hoto, wannan ba shi da bakin cewa yana kare tarihi. Suna kawai ya saya. In hukuma ta zo rushe madatsarsa ba zan yi masa kuka ba.

Kuma don kada a ce na yi son kai, shi kansa gidan Aragon bai tsira daga wannan zargi gaba ɗaya ba. Gidan hutu ne a wurinsu, ainihin zamansu a Paris yake. Ba za ka ga niƙa a ciki ba, littattafai ne wajen 30,000 suka cika bangon. Wanda ya je don ya ga yadda ake mayar da alkama gari zai dawo hannu rabbana. Abin da ya sa na yafe musu shi ne ruwan. Mai tsara gida da ba ta san darajar wurin ba, abu na farko da za ta yi shi ne toshe wannan ɗakin mai laima da ƙara, ta samu ƙarin wurin ajiye kujeru. Elsa ta bar shi a tsakiyar falo, duk wanda ya zauna dole ya san a ina yake zaune.

Akwai kuma inda abokina ya fi ni gaskiya, ban ɓoye masa ba. Idan mutanen birni suka fara rububin irin waɗannan gidaje, farashi kan tashi har ɗan garin ba ya iya saye. Kuma ko da gidan niƙan na basarake ne a da, ƙofarsa a buɗe take, nan ake haɗuwa, nan ake jin labari ana jiran layi, kamar dai bakin injin unguwa. Ranar da ya zama gidan mutum ɗaya wannan ya ƙare. Asara ce ta gaske. Sai dai ina tambayarsa, kangon da ciyawa ta rufe, wa ke haɗuwa a cikinsa?

Na Villeneuve dai ƙofarsa ta sake buɗewa. Elsa ta rasu a gidan ranar 16 ga Yunin 1970, aka binne ta a cikin lambun, mai faɗin fiye da hekta 5. Aragon ya bi ta a Disambar 1982, aka sa shi kusa da ita. Ya bar wa ƙasar Faransa gidan da abin da ke ciki, kuma tun shekarun 1990 kowa na iya biyan kuɗin shiga ya zaga, har da mu biyu da muka zo daga nesa muna musu a falon mutane. Akwai kalandar da ake yage wa takarda kullum a gidan, an bar ta a kan 16 ga Yuni.

A hanyar dawowa na ce wa abokina, to ka ga, da ɗan gurguzun bai saya ba da yau ba mu da abin da za mu shiga mu gani. Ya ce, "Wannan ɗaya ne, Malam. Sauran fa da ba su bar wa kowa wasiyya ba?" Na ce sauran ma ai suna tsaye, jikan wani zai iya buɗewa wata rana. Ya ce in kawo masa jikan. Muna cikin haka muka iso tashar karɓar kuɗin hanya, ya miƙo mini hannu ya ce tunda ni ne lauyan masu gidaje, ni zan biya.